Rigar Kaba da Yaya Hansai Ta Saƙa wa Waya

Kofunan shayi ne suka fara kaɗawa a kan faranti. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo na ji ƙir-ƙir-ƙir daga ɗakin maigidana Malam, kamar ɓera ya faɗa cikin kwanuka. Na ɗauki tsintsiya na shiga da bismillah. Ashe ba ɓera ba ne. Wayar hannun da Malam ya sayo ce, ya manta da ita a kan farantin ya tafi ofis, tana ta rawa tana ture kofuna. Na tsaya ina kallonta har ta gaji ta yi shiru. Da ta sake farawa sai na yi ta maza, na danna koren madannin kamar yadda na ga yana yi.

Wani mutum ne yake ta ɗaga murya daga Legas, wai don girman Allah a kira masa matarsa Ladi, maƙwabciyarmu. A wurin Malam ya karɓi lambar. Na leƙa ta katanga na kira ta, ta zo hannunta duk kumfar wanki. Ta karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙa mata kwanon miya mai zafi. Ta yi magana, ta yi dariya, ta share hawaye da gefen hijabi. Kashegari ta dawo da mata biyu. Kafin mako ya zagayo Malam ya ce da ni, “Maman Zainab, ko dai ki mai da abin nan sana’a in sayi wata, ko ki mai da mini wayata.”

Na faro daga nan ne saboda ku yaran yanzu. In na ce na yi shekaru ina sana’ar buga wa mata waya a unguwar Limawa, sai jikokina da ƙawayensu su kwashe da dariya. “Hajiya, wai kiran waya ma sana’a ce? Ai danne-danne ne kawai.” To, ku zauna ku ji yadda danne-dannen yake.

Mun taso daga Kano ne lokacin da aka ba mu jiha, aka turo su Malam aiki Dutse. Garin a lokacin bai cika ba, tsakanin gida da gida sai ka ratsa gonar gero. Ni na gama sakandare kafin aure, don haka tun ba a je ko’ina ba matan unguwa suka gane ina rubutu. Wadda mijinta ya tafi cirani takan zo in rubuta mata wasiƙa, in amsa ta zo in karanta mata. Wasu kuma rikoda muke kunnawa su yi maganarsu a kaset, a naɗe shi a leda a kai tasha. Direbobin lokacin sun san kowa. Ka ce da direba, “Ka gaya wa wane an yi masa haihuwa,” ya riƙe a kansa har ya kai. Ba a bukatar komai daga wurin mai saƙo sai bakinsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da waya ta shigo, masu buga wa mutane waya a ƙarƙashin lema suka cika bakin titi da tasha. Amma shekarun da aka ƙaddamar da shari’a ne, mata sun ƙara kame kansu, Islamiyyar matan aure ta cika maƙil. Babu matar auren da za ta tsaya ƙarƙashin lema tana gaya wa mijinta hatsi ya ƙare, ’yan acaɓa suna ji. Wannan gurbin na shiga.

Wadda ta koya mini aikin Bayarabiya ce, Maman Bose, matar wani makanike, mai lema a kusa da tasha. Wurina take sayen daddawa. Ran Lahadi in ta taso daga coci sai ta biyo, ta cire ɗankwalinta mai tsayi ta ajiye a kan gado, mu duƙufa. Ita ta nuna mini yadda ake kankare kati ba a cinye lambar ba, da yadda ake adana suna, da yadda ake sa madanni ɗaya ya kira mutum in an danne shi an riƙe. Da na yi kuskure sai ta buge mini hannu.

“Maman Zainab, idonki a kan sakan, ba a kan bakin mai magana ba! Kina sauraron gulma minti zai tsallake.”

“Ai ba saurare nake ba, kunne ne ba shi da murfi.”

“To ki yi masa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai mutu. Ran da kika fitar da magana ɗaya, ran nan kin rufe shago.”

Har yau ban fitar ba. Labarin da zan ba ku ma sai da mai shi ta yarje mini kafin Allah ya karɓi abarsa.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Sabis a lokacin sai an yi farautarsa. Malam ya sa aka ɗaure eriya a kan doguwar gora a jikin katanga, igiyarta ta shigo ta taga, don haka wayar ba ta fita daga ɗakin. In iska ta juya gorar, sai an fita an murɗa ta ana tambaya, “Ya kawo?” Akwai tsohon batirin mota a ƙarƙashin tebur saboda ɗaukewar wuta. Akwai kuma turmi da na kife a gindin tagar, don igiyar gajeriya ce, gajerun mata sai sun hau. Matan suka sa masa suna turmin sabis. Na ga manyan hajiyoyi a kansa, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da zani.

Aikin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne gaisuwa. Da minti ake biya, mu kuwa in muka fara ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya ruwa, sai lokacin ya ƙare ba a taɓo abin da ya kawo mutum ba. Na riƙa zaunar da kowace kafin in buga, in ce ta faɗa mini maganar a taƙaice, sannan in ce, “Gaisuwa ɗaya, sai magana. In da saura ki gaisa da shi.” Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ’yar nan, in ce wa surukina a turo hatsi ban tambayi gajiyarsa ba? A wane gari aka yi miki tarbiyya?” Ita kam na ƙyale ta. Ta gaishe shi har da awakinsa.

A kan turmin nan na fara lura da abin da ya sa nake wannan rubutu. Waya ɗaya ce, ɗaki ɗaya, ni ɗin ce dai nake bugawa, amma abin da kowace take fita da shi daban.

Hajiya Tabawa mai man gyaɗa ba ta taɓa shiga aji ba, ko na yaƙi da jahilci. Zuwanta na farko ta zuba wa yatsana ido. Na biyu ma haka. Na uku ta ce, “Kawo nan, ’yata,” ta danna lambar ƙaninta da ke Kano daga kanta, ba ta duba komai ba. Kafin ranar kasuwar Kiyawa sai ta zo ta ji yadda riɗi da gyaɗa suka kwana a Kano, sannan ta san ko ta saya ko ta dakata. Ita ta fara gane cewa in ta yi filashin, wato ta buga ta katse, mai bukatar kayanta shi zai kira. Ba a daɗe ba ta sayi tata wayar. Yanzu da ta tsufa ma, ina jin ta intanet jikokinta suke tallata mata mai, ita take gaya musu hoton da za su sa da wanda za su cire. Allah ya ba ta kai mai kama abu tun kafin ya sauka.

Sai kuma Yaya Hansai.

Mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Buji. Mijinta ya rasu, ta dawo Limawa gidan yayanta. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Tana ƙarama sanƙarau ya kwantar da ita, ta tashi, amma ya bar mata nauyin fahimta. Ba taɓin hankali ba ne, kada ku ɗauka haka. Tana sallarta, tana azuminta, girkinta da daɗi, ba ta taɓa zagin kowa ba. Sai dai in ka jero mata abu uku, ka ce yi wannan, sannan wannan, sannan wancan, kafin ta kai na biyu na farkon ya gudu. Sana’arta saƙar faifai, kuma duk unguwar babu mai irin hannunta. Amare har daga Kiyawa ake zuwa yi musu odar nata.

Ɗanta ɗaya ne a duniya, Habu, kuma shi ne na fari. Ku na yanzu kuna kiran ’ya’yanku na fari da sunansu, kuna ɗaukar hoto da su. Mutanen su Yaya Hansai ba haka suke ba. Ba ta faɗin sunansa, sai dai “yaron can”. Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido. In ya zo gida sai ta dama fura ta tura masa da gefen hannu tana kallon wani wuri, shi kuma ya gane. Lokacin da yake aiki a Kano, ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji take kai wa direba, babu wasiƙa babu kaset. Ya buɗe ya san uwarsa tana lafiya, tana kuma tuna shi. Daga baya ya bi masu albasa zuwa Fatakwal, ba da son ranta ba, inda motar garinmu ba ta zuwa. Ƙulli ya yanke. Sai waya.

Ran Juma’a bayan an sauko daga masallaci yake kira. Ranar kuwa ɗakina ya fi cika. Zan miƙa mata, muna jin muryarsa tana fitowa, “Inna! Inna, ni ne. Kina ji na?” Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta miƙa wa Ladi wayar.

“Ki ce masa muna lafiya.”

“Haba Yaya, ɗanki ne fa, ba surukinki ba!” in ji Ladi. Mata su yi ta dariya.

Wata Juma’ar na ce yau kam sai an yi. Na kori kowa zuwa zaure, na kara mata wayar a kunne, na fita na saki labule, na koma bakin murhu. Na ba ta lokaci mai tsawo. Da na dawo na tarar da ita a kan turmi, ta juya wa ƙofa baya, tana magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin wannan ba. Da ta gama ta miƙo mini. Na duba, wayar ta daɗe da katsewa. Ta damƙe ta da ƙarfi ne, babban yatsanta ya sauka a kan jan madannin tun a farko.

Ta ce, “Ya ji?”

Na so in ce ya ji. Amma ƙarya ce, kuma shi yana can ya san bai ji ba.

“Bai ji ba, Yaya. Ta katse. Bari in sake bugawa.”

Ta girgiza kai. “Ta riga ta fita, Maman Zainab. Ba ta dawowa.” Ta sauko ta ɗauki faifanta ta tafi. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta hau turmin ba.

Shekarar da ta karya sana’ar ita ce shekarar da waya ta yi araha. Kamar wasa, kowane mai cirani ya dawo da ƙaramar waya ya ba matarsa. An kafa ƙarfen sabis a bayan unguwa, eriyata ta zama wurin shanya. Maman Bose ta naɗe lemarta ta koma sayar da kati da caji. Ni kuma sai in share ɗaki in zauna har azahar ba wadda ta yi sallama, sai mai son a karanta mata tes, wato rubutaccen saƙon waya, ko a sa mata kati. Malam ya ce in haƙura, dama ba da ita muke ci ba.

Kowa yana cewa yanzu an zama ɗaya, talaka da mai kuɗi kowa da wayarsa. Ni da nake zaune a ɗakin na ga ba haka ba ne. Masu kai irin na Hajiya Tabawa suka yi gaba, har ’yan matan unguwa suka fara zuwa kafe duba sakamakon jarrabawa a intanet. Masu nauyin fahimta kuwa ba tsayawa suka yi a inda suke ba, baya suka koma. Na ce ku riƙe maganar direbobi. To, direba ya daina ɗaukar saƙon baki, sai ya ce, “Ba ki da lambarsa ne?” Sanarwar suna da ta rasuwa duk suka koma waya. Da, in an yi mutuwa a ƙauye, mutum ake tasowa a keke ya zo har ƙofar gida. Yanzu an tura tes an gama. Akwai wadda ’yan damfara suka ce ta ci kyauta, mai saurin ganewa ta yi tsaki ta goge, marar saurin ta sayar da tunkiyarta. Kuma ba wanda yake tausaya musu, don kowa gani yake abin mai sauƙi ne. Wanda ba shi da kuɗin waya ana ganin rashinsa, a taimaka masa. Wanda kansa ne ba ya riƙewa, cewa ake yi bai sa kai ba ne.

A shekarar Habu ya aiko wa uwarsa waya sabuwa. Ta yi murna ƙwarai. Ta naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ta sa a cikin kwalla, ta rufe, ta ɗora a saman jere, kada ta lalace. A nan batirin ya mutu. A nan kuma saƙon rasuwar ƙanwar mahaifiyarta ya shiga ya kwanta. Ba ta ji ba sai bayan an share makoki, dangi suna ta cewa Hansai ta shiga birni ta yar da su.

Ana saura ’yan makonni babbar Sallah Habu ya kira ni a tawa wayar. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

“Mama, ki gaya mini gaskiya. A wurinki ba ta yi mini magana. Na ce ko don mutane ne, na saya mata tata. Kullum na kira a kashe. Fushin tafiyata ne har yanzu, ko?”

“Habu, ba fushi ba ne. Kunya ce, ka san halin mutanenku. Wayar kuma ba ta iya ba.”

“Na san kunya, Mama, a cikinta na girma. Amma da ina gabanta, in ta yi shiru ina ganin hannunta yana turo mini kwano. A nan shirun kawai nake ji. Batun ba ta iya ba kuwa, madanni biyu ne fa. Tsofaffin da suka haife ta ma suna kiran ’ya’yansu a nan.”

“Ba kowane kai ne ɗaya ba, ɗana.”

Sai ya ce abokansa za su bi jirgin ruwa zuwa Gabon bayan Sallah, sun ce ya zo. Dama saboda uwarsa yake jan ƙafa. “In ta neme ni da kanta, ba ta bakin kowa ba, na san tana so na kusa. In ba ta nema ba, na gane, ba zan ƙara damunta ba.”

Mun san masu tafiya can. Wasu sukan yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba, wasu har abada.

Na je na sauko da wayar daga cikin kwalla, na yi mata caji, na gaya wa Yaya Hansai abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Kashegari da hantsi sai ga ta da wayar a ƙulle a bakin zani.

Muka fara. Danna wannan, sannan tauraro, ta buɗe. Danna ƙasa, ga sunansa. Danna kore. Ta yi, in yaba mata. Gobe ta dawo kamar ba mu taɓa yi ba. Na zana mata a ƙasa da tsinke. Na ɗiga jan farce a kan madannan, sai ta rasa wanne ɗigon ne na farko. Wata rana ta danno wani wuri, muryar kamfani ta fara bayani da Turanci, ta saki wayar a cinyata.

“Wata Baturiya ce take yi mini faɗa. Na taɓa mata wani abu ne?”

Ladi da ta leƙo ta yi dariya har da riƙe ciki. “Yaya, ki ba ta haƙuri mana, ki ce ba za ki ƙara ba!”

Yaya Hansai ma ta yi murmushi, amma da Ladi ta fita ta ce da ni, “Ki daina wahalar da kanki. A nan ina ganewa. Da na tsallake ƙofar nan sai ya zube. Tun ina yarinya haka nake.”

Aka kira la’asar, na zuba mata ruwa a buta. Ina zaune ina kallonta tana alwala. Hannu, baki, hanci, fuska, har zuwa ƙafa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta sa na baya a gaba ba. Da muka idar ta jawo faifan da take saƙa don kada hannunta ya zauna banza. Tana yi mini zancen tsadar kaba, idonta ma ba ya kan aikin, amma ja yana shiga inda ja zai shiga, kore yana fita inda zai fita. Zanen da ke jikin faifan nan ya fi buɗe waya wuya nesa ba kusa ba.

Na ce, “Yaya, wa ya koya miki saƙa?”

“Kakata.”

“Yaya ta yi miki bayani har kika riƙe?”

“Bayani? Ai ba ta yi mini bayani ba. Ta san ba na riƙewa. A cinyarta take zaunar da ni, ta kama hannuna da nata, mu yi ta yi.”

Ashe duk kwanakin nan da kanta nake magana, alhali a hannunta karatunta yake zama.

Aikin da na yi a wayar ba shi da yawa, duk cikin abin da Maman Bose ta koya mini ne. Na cire makullin madannai gaba ɗaya. Na sa madanni ɗaya, na tsakiyar layin sama, in an danne shi an riƙe ya yi kira. Na kuma saita ta yadda in kira ya shigo, shi ɗin dai zai amsa. Sannan na ce, “Yaya, riga za ki saƙa mata. Ki rufe duk waɗannan, har jan. Ki bar ƙofa ɗaya a nan, daidai yatsanki. Ki bar ’yar kafa wurin kunne, da wurin baki, da gindi inda ake sa caji.”

“In na rufe jan, wa zai kashe?”

“Shi zai kashe daga can. Ke naki magana.”

Ta juya wayar a tafin hannunta, ta auna ta da ɗan yatsa kamar yadda take auna bakin kwano. Nan take na ga fuskarta ta sake, don an zo wurin da ta fi ni sani. Ta ce kabar faifai ta yi kauri, za ta danne madannan, sai an tsaga ta siriri, a kuma ɗaga saƙar kaɗan daga ciki. Ni ban ma yi wannan tunanin ba. Da ta kawo rigar, fara ce sol, ƙofar nan ɗaya ta zagaye ta da koriyar kaba. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Hajiya Tabawa ta ce a saƙa mata ita ma don ado.

Da farko lambata na sa a madannin. Na zauna a bayanta, na kama hannunta da nawa, na ɗora yatsanta a ƙofar, muka danne tare har tawa wayar ta yi ƙara. Muka sake. Ban ƙara yi mata bayani ko na kalma ɗaya ba. Bayan kwanaki na saki hannun. Sannan ta koma zaure ta danna, in amsa daga ɗaki. Sannan daga gidansu. Akwai ranar da ta kira ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, na ɗauka na ce, “Yaya, lafiya?” Ta ce, “Lafiya lau. Hannun ne ya tafi da kansa.”

Ranar na cire lambata na sa ta Habu, na sa mata kati, na ce, “Daga yau in kin danna, yaron can ne zai ɗauka. Kada ki yi a nan, kada ki yi a gaban kowa. Ki nemi inda ba mai jin ki.” Ta ƙulle wayar a bakin zani ta tafi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Aka fara kawo raguna, aka shiga goman farko na watan. Tana zuwa caji, ta zauna, mu yi hira, ta tafi. Ban tambaye ta ba, ban kuma duba wayar don in gani ba. Ba a yin haka a sana’ar nan. Nawa dai addu’a.

Habu bai tafi Gabon ba. Bayan Sallah ya zo gida, daga baya ma ya dawo Kano da aiki. Yaya Hansai ta yi shekaru da wayar nan, ta sake mata riga ba sau ɗaya ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta san lamba ko ɗaya ba. Wani lokaci in na ga wayoyinku na yanzu, sumul kamar madubi, komai sai an shiga nan an fita can, asibiti a ciki, banki a ciki, nakan rasa inda mai irin kanta za ta saƙa ƙofarta. Suna nan da yawa, a kowace unguwa. In kun haɗu da ɗaya, kada ku ce mata ai mai sauƙi ne. Ku kama hannunta.

Amma ni tun ranar Arfa na san ba zai tafi ba. Da yamma na dama kunun buɗa-baki, na zuba a ɗan kwano na ba autata Ummi, lokacin ba ta shiga firamare ba, na ce ta kai wa Goggo Hansai. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da kwanon a hannu, ko buɗe shi ba a yi ba.

Na ce, “Ke kuma fa? Ba ta nan ne?”

“Tana nan. Tana ɗakin awaki, ta rufe ƙofa. Ta kafa na leƙa.”

“Me take yi a ɗakin awaki?”

“Magana take yi da ɗan faifanta. Abu ɗaya take ta faɗa, wai, ‘Ka ci abinci? Ka ci abinci?’ Shi kuma faifan kuka yake yi, Mama. Kuka irin na manya.”